Ziyara a Lugu, garin Sarauniya

 

Yau tafiya za mu yi. Ba wani babban birni za mu ba. Wani ɗan ƙauye za mu, sunansa Lugu, cikin ƙasar Arewa. Ku lura, Arewar nan ba arewa ta kudu da arewa ba ce. Ƙasar Arawa ce, wato wajen Dogondutsi da Matankari, cikin jihar Doso. Zabarmawa suna ce ma mutanenta Mawri.

Ga abin da ya kai ni can. Wata rana da dare, bayan mun tashi daga karatu, wani dattijo cikin ɗalibaina ya tsai da ni. Ya ce: "Malam, Sarauniyar nan da ake faɗi, an yi ta kuwa, ko tatsuniya ce?" Na ce: "Baba, an yi ta." Ya ce a ina? Na ce a Lugu. Ya ce na taɓa zuwa? Sai na yi shiru. Abin da na sani duka a lakkwal na ji shi, sai kuma silima da na gani. Kunya ta kama ni. Da aka gama girbi na samu hutu, sai na rataya jakata na kama hanya. Wani abokina ɗan Dogondutsi shi ya yi mini jagora.

Gulbin da ya mutu

Daga Yamai zuwa Dogondutsi wajen kilomita 270 ne, bisa babbar hanya mai lamba 1. Ita ce ke bi ta Doso, ta wuce Ƙonni da Maraɗi har Damagaram. In ka kusa gari, hanya sai ta gangara. Daga nan kana hangen dutsen da garin ya ci sunansa: dogo, ja, kansa a baje sai ka ce an yanke shi da wuƙa.

Da muka sauka, abokina ya nuna mini wani kwari mai faɗi ƙwarai, ya ce: "Ga gulbinmu." Na duba gabas, na duba yamma, ban ga ruwa ba. Sai gonaki da itatuwa da rairayi. Ya yi dariya.

Wannan kwari shi ne Dallol Mawri. Dallol kalmar Fulatanci ce, ma'anarta kwari. Masana ƙasa sun ce shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da Sahara take da ruwa da ciyawa, babban gulbi ne ke gudu nan. Yana tasowa daga arewa, ya gangara kudu, ya gamu da Dallol Foga inda ake dafa gishiri, sannan ya faɗa cikin kogin Kwara can wajen Gaya. Da ruwan sama ya ragu, gulbi ya ƙafe, rairayi ya rufe shi. Amma ruwan bai tafi duka ba. Nutsewa ya yi cikin ƙasa. Shi ya sa rijiyar cikin dallol ba ta da zurfi. Ta bisa tudu kuwa sai an ƙulla igiya da igiya. Da damina koramu suna gangarowa daga duwatsu su cika tabkuna. Da rani ana garka a bakinsu. In ka yi kudu za ka ga rake da rogo, can gaba kuma giginya.

Duk inda ruwa yake, nan mutane suke. Garuruwan Arewa mafi yawa a bakin dallol suke, ko a bakin koramun da ke zuba cikinsa. Ku riƙe wannan magana ta ruwa, za mu komo gare ta.

Wani abu kuma game da kwarin nan. Ran 14 ga watan Yuni 1898, Faransawa da Ingilishi suka zauna a birnin Paris suka raba ƙasashenmu bisa takarda. Suka ce iyaka ta bi tsakiyar Dallol Mawri, sannan ta kewaye Sakkwato da nisan kilomita 160. Abin da ke cikin kewayen na Ingila ne, abin da ke waje na Faransa. Bisa wannan takarda, Lugu da Ƙonni duka rabon Ingila ne. Faransa kuwa ta samu arewa, inda rijiyoyi suke nesa da juna. Ba wanda ya tambayi Sarkin Arewa. Ba wanda ya tambayi Sarauniya. Ba su ma san an yi ba.

Hanyar Lugu

Lugu tana arewa maso gabas da Dogondutsi, cikin ƙaramar hukumar Dankasari. Da asuba muka hau moto, muka bar kwalta, muka shiga rairayi. Wani wuri mu hau fako, inda ba komi sai marmara da geza da sabara da anza. Wani wuri mu gangara cikin gonaki. An gama yankan hatsi, rumbuna sun cika, shanun Fulani suna cin kara. Gawo ya fara sabon ganye, kamar yadda ya saba in sauran itatuwa suna zubar da nasu. Sau biyu muka sauka muka tura moto cikin busasshiyar korama.

Da hantsi muka iso. Zan faɗa muku gaskiya: da farko raina bai cika ba. Ina tsammanin in ga ganuwa da ƙofar gari da babbar fada, irin waɗanda na gani a silima. Ban ga ko ɗaya ba. Ƙauye ne ƙarami kamar na kowa. Ɗakunan ƙasa da na kara, rumbuna, rijiya, mata suna daka, awaki suna yawo. Jajayen duwatsu suna tsaye kusa da gari, da ɗan kurmi a gindinsu.

Muka tarad da dattawa zaune a inuwa. Muka tuɓe takalma, muka durƙusa muka gaishe su, muka aje goro. Na ce: "Baba, labari muka zo nema." Babbansu ya ce baƙo ya fara shan ruwa tukuna. Aka kawo fura, muka sha. Sannan aka shiga magana.

Mutanen Lugu na asali Azna ne, wato masu bin al'adar kakanni. Yau mafi yawan mutanen Arewa musulmi ne, ni ma haka. Ban je Lugu don in yi bauta ba, ban kuma je don in yi wa'azi ba. Tarihi na je nema. Abin da suka ba ni, shi zan ba ku.

Sarauniya ba mace ɗaya ba ce

Abu na farko da na koya ke nan. Sarauniya ba sunan yanka ba ne. Sarauta ce. An yi Sarauniyoyi da yawa kafin wadda muke jin labarinta, an kuma yi wasu bayanta. Har yanzu sarautar tana nan. Wadda ta yi zamani da zuwan anasara, sunanta Mangu.

Dattawan sun ce asalinsu daga Daura ne. Sarauniya ta farko ta taso daga can da mutanenta, tare da wani dutse mai suna Tunguma. Suna tafiya suna yada zango, har suka iso nan. Dutsen ne ya nuna musu wurin zama. Suka yi alkawari da iskokin wurin, suka sare daji, suka yi gona. Zuriyarsu su ake ce ma Gubawa. Su ne masu ƙasa.

Daga baya wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari ya zo da dawaki. Aka ba shi ɗiyar mai garin Bagaji, ta haifi ɗa, aka sa masa Akazama. Daga gare shi sarakunan Arewa suka fito, kuma daga sunan Ari aka samu Arawa. To, kun ga iko ya kasu biyu. Sarkin Arewa yana da doki da takobi da haraji. Sarauniya ta Lugu da Baura na Bagaji suna da ƙasa da ruwan sama da sulhu. Sarki yana mulkin mutane, amma ya san ba shi ya fara zama ba. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804 ya juya ƙasashe da yawa kusa da nan. Lugu dai ta zauna bisa al'adarta.

Yaya Sarauniya take zama? Ba kamar yadda kuke zato ba. Ba ta da dogarai, ba ta da kakaki. Farin zane take ɗaurawa. Cikin ɗakinta take wuni, tana kaɗin auduga da mazari. Ba ta yawon gari, ba ta zuwa kasuwa. Mutane ne ke zuwa wurinta: mai neman haihuwa, mai ciwo, waɗanda suka yi faɗa, manoma in ruwa ya yi jinkiri. Aka kai mu ƙofar ɗakin muka yi gaisuwa daga ƙasa, aka amsa mana, aka yi mana fatan sauka lafiya. Ɗakin bai fi na kakata ba.

In Sarauniya ta rasu, ba taron masu zaɓe ake yi ba. Akwai al'adar da suke ce ma tarkama. Maza suna ɗaukar gawar, su fito da ita inda mata suka taru. Sun ce gawar ce ke jan masu ɗaukarta har ta taɓa wadda za ta gaje ta. Wadda aka taɓa ba ta da ikon ƙi. Daga ran nan ta bar zamanta na da, ta shiga ɗaki. Na daɗe ina tunanin wannan magana. Mu muna ganin sarauta daɗi ce. Wannan sarauta kaya ce mai nauyi, kuma mace ɗaya ke ɗauke da ita saboda kowa.

Shekarar 1899

Yanzu mu komo ga anasara. Faransa tana so ta kai tabkin Cadi kafin kowa. Sai ta aiki runduna uku: ɗaya daga Aljeriya, ɗaya daga Kwango, ɗaya daga yamma ta bakin Kwara. Ta yamma ita ce tamu. Shugabanninta kapitan biyu ne, Bule da Shanwan. A takardun Faransanci ana rubuta su Voulet da Chanoine. Bule shi ne wanda ya ci Wagadugu a 1896. Shanwan kuwa ɗan wani janar ne, wanda har ya taɓa riƙe ministan yaƙi.

Anasaran da ke cikin rundunar ba su kai goma ba. Sauran duka baƙaƙe ne: sojoji da aka ɗauko daga ƙasar da yau ake ce ma Mali, da masu ɗaukar kaya, yawancinsu Mosawa da aka kamo tilas, da mata da yara da aka kwaso bisa hanya. Jimillarsu ta kusa mutum 2000, ban da dawaki da shanu da jakai. Suna da bindigogi masu yawa da igwa ɗaya.

To, ku da kuka san rijiyar ƙauye, ku yi lissafi. Mutum 2000 da dabbobinsu su sauka bisa rijiya ɗaya. Kwana nawa za ta yi? Rumbu nawa za su cinye a wuni ɗaya? Gwamnatinsu ba ta ba su isasshen guzuri ba. Abin da suka tarar, shi suke ci. Garin da ya ba su, su cinye shi. Garin da ya hana, su ƙone shi. Jagoran da ya ɓata hanya, su kashe shi. Tun watan Janairu 1899, a Sansane Hausa bakin Kwara, suka kashe mutum sama da 100, har da mata da yara.

Sun gwada bin arewa, rabonsu na takarda, suka ga ba ruwa. Sai suka karkato suka biyo dallol, suka shiga ƙasar da suka ce ta Ingila ce. Kun ga inda maganar ruwa ta kai mu. Gulbin nan da ya mutu shi ya jawo su Arewa. Suka iso cikin watan Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da rijiya ta ja baya, hatsin da ya rage cikin rumbu kuma na iri ne da na cin damina.

Labarinsu ya riga su isowa. Garuruwa da yawa suka watse, mutane suka shiga daji. Wasu sarakuna suka tarye su da kyauta don su tsira da jama'arsu. Ban ga laifinsu ba. Wanda bai ga bindigar ba, ba shi da bakin zagin wanda ya gudu. Lugu ita ce ta ƙi. Maharba da manoma na Lugu da na Tongana da ƙauyukan kewaye suka taru da baka da kibiya mai dafi. Wani hafsa cikin rundunar, Jowalan, ya rubuta littafi daga baya. Cikinsa ya kira Sarauniya tsohuwar matsafiya, ya ce ta aiko musu da saƙon cin mutunci.

Ran 16 ga watan Afrilu 1899 aka gamu. Sojojin suka jeru suka yi ta sakin wuta gaba ɗaya. Kibiya ba ta kai inda harsashi yake kaiwa. Mutanen Lugu suka ja da baya suka shiga kurmi. Nan yaƙin ya canza. Cikin sarƙaƙiya doki ba ya gudu, jeri ba ya tsayuwa, mai bindiga ba ya ganin wanda ke harbinsa. Sojoji suka shiga suna sarar hanya, kibau suna fito musu daga duhuwa. Bisa lissafin Faransawa da kansu, sun harba harsashi wajen 7000 ran nan. An kashe musu soja 4, an yi ma 6 rauni. Mutanen Lugu da suka faɗi suna da yawa, amma takardun anasara ba su riƙe sunan ko ɗaya ba.

Daga ƙarshe sojoji suka shiga gari suka sa wuta. Ba su samu Sarauniya ba. Mutanenta sun fita da ita.

Da la'asar wani saurayi ya hau da mu bisa dutse. Hawan ba shi da tsawo, amma tsakuwa tana zamewa, sai da na dafa da hannu. Daga sama komi ya fito fili. Ga gari, ga gonaki, ga farin rairayin korama yana lanƙwasa, ga kwazazzabai a jikin duwatsu inda mutum zai ɓuya ba a gan shi ba. Sai nan na gane yaƙin. Waɗannan mutane sun san ba su da ƙarfin tsayuwa a fili. Ƙasarsu suka sa ta yi musu garkuwa. Kurmin yanzu ya yi shara-shara. Farin 1973 da na 1984 sun ci itatuwa, gatari ya ci saura. Dattawan sun ce a zamanin kakanninsu, in akuya ta shiga ciki sai dai a ji kukanta.

Wa ya ci yaƙin Lugu? In ana maganar bindiga, anasara suka ci. Sun shiga garin, sun ƙone shi, mutane sun watse. Wasu sun komo daga baya, wasu sun kafa ƙauyuka a wani wuri ba su sake dawowa ba. Shi ya sa Lugu take ƙarama. Amma abin da Bule yake so shi ne a durƙusa masa, kuma bai samu ba. Wurare kaɗan ne cikin tafiyarsa duka inda ya sha wuya kamar nan.

Ƙarshen Bule da Shanwan

Daga Arewa rundunar ta yi gabas. A farkon watan Mayu suka faɗa ma Birnin Ƙonni, suka yi kisa mai yawa ƙwarai. Suka wuce ƙasar Gobir da ta Katsina suna ƙone-ƙone, suka nufi Tasawa.

Amma labari ya riga ya kai Faransa. Wani laftana da suka kora tun farkon tafiya ya rubuta wasiƙa gida, ya faɗi abin da ya gani. Gwamnati ta aiki kolonel Kulob daga Tumbutu ya bi su ya karɓe rundunar. Bai sha wuyar neman hanya ba. Toka da gawawwaki suka yi masa jagora. Ran 14 ga watan Yuli 1899 ya cim musu a Ɗankori, kusa da Tasawa. Bule ya sa aka harbe shi. Sannan ya gaya ma sauran anasara cewa shi ya bar Faransa, zai kafa mulkin kansa. Sojojinsa baƙaƙe suka ga in sun bi shi ba su sake ganin gida ba. Suka juya masa baya. Ran 16 ga Yuli suka kashe Shanwan. Ran 17 suka kashe Bule. Kaburburansu suna Maijirgi.

Ku ƙirga da kanku. Daga 16 ga Afrilu zuwa 16 ga Yuli wata uku ne cif. Mutanen Lugu sun ce bakin Sarauniya ne ya kama su. Masu rubuta tarihi sun ce gajiya ce da tsoro da haushin sojoji. Da na kawo wannan magana ta biyu, wani tsoho ya dube ni ya ce: "To, ɗana, wa ya sa musu tsoron?" Ban ba shi amsa ba.

Kada ku ce mutuwar mutum biyun nan ta tsai da komi. Sauran hafsoshi suka ci gaba da rundunar. Ran 30 ga Yuli suka shiga Damagaram, bayan yaƙin Tirmini da sarki Amadu Kuran Daga. Jowalan da Menye suka kai tabkin Cadi. Ran 22 ga Afrilu 1900 rundunonin uku suka kashe Rabe a Kusuri. Faransa ta ce Bule da Shanwan sun yi laifi, amma ƙasar da suka ci da wuta ba ta mayar ba. A 1904 da 1906 ta sake zama da Ingila, aka ja iyaka kudu don ta samu hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram. Da haka Lugu da Ƙonni suka zama na Faransa, yau kuma na Nijar. Wasu Arawa suka rage a wancan gefe. Ƴan uwansu suna nan cikin jihar Kabi ta Nijeriya, wajen Kangiwa.

Sarauniyar littafi da Sarauniyar Lugu

Shekara 80 sunan Mangu bai wuce Arewa sosai ba. A 1980 wani marubuci ɗan Nijar, Abdullahi Mamani, ya fitar da littafi cikin Faransanci mai suna Sarauniya. A 1986 Med Hondo, mutumin Muritaniya, ya mai da shi silima. A Burkina Faso aka ɗauki hotunan, ba a Lugu ba. Silimar ta ci babbar kyauta a bikin silima na Wagadugu a 1987. Daga nan sunan ya bazu. Yau akwai babbar lakkwal a Doso mai sunan Sarauniya Mangu. A 2006 gwamnatin Nijar ta sa Lugu cikin jerin wuraren da take so hukumar UNESCO ta karɓa cikin kayan tarihin duniya.

Sarauniyar littafi da silima budurwa ce jaruma, mai baka da kwari, tana gaban mayaƙa, tana da birni mai ganuwa. Na tambayi dattawan ko haka Mangu take. Suka girgiza kai. Suka ce Sarauniya ba ta riƙe makami. Ba aikinta ba ne. Maza suka yi harbi. Ita nata shi ne ta ce ba a durƙusa ba, ta yi roƙo, ta ba su magani, ta ƙarfafa musu zuciya.

Ni ban zargi Mamani ba. Labarin ƙirƙira ya rubuta, bai ce tarihi ba ne, kuma ba don shi ba da yawancinmu ba mu san sunan ba. Amma in kun tambaye ni, ta Lugu ta fi ba ni mamaki. Jarumi mai takobi kowace ƙasa tana da nata. Tsohuwa mai mazari, wadda ba ta da soja ko ɗaya nata, ta ce a'a, kuma mutanen ƙauyuka su tsaya gaban igwa saboda maganarta, wannan ba ko'ina ake samunsa ba.

Tunguma

Muka kwana a garin. Da safe aka raka mu wurin Tunguma. Ba cikin gari yake ba, sai an taɓa tafiya cikin daji. Kafin mu matsa aka ce mu tuɓe takalma.

Nan ma zatona ya ba ni kunya. Na ɗauka wani ƙaton dutse ne. Ashe ɗan madaidaici ne, mutum yana iya rungumarsa, yana zaune bisa rairayi a fili. Amma shekaru aru-aru shi ne alƙalin Arewa. In an yi sata an rasa ɓarawo, in mutum biyu suna jayayya bisa gona, in an yi ma wani ƙazafi, nan ake zuwa, har daga nesa. Masu kula da shi suna yin tambaya, sun ce dutsen yana motsawa ya nuna mai gaskiya. Ran da muka je ba wanda ya kawo ƙara, don haka ban ga an tambaye shi ba. Abin da na gani shi ne yadda masu rakiyarmu suka rage murya tun daga nesa. Abokina ya raɗa mini cewa a da, sau da yawa ba a ma isowa. Mai laifi yana jin an ce a tafi Tunguma, sai ya amsa laifinsa tun a hanya.

Muka komo gari muka yi sallama da dattawa. Suka ce ba mu ji rabin labarin ba tun da ba mu je Bagaji wurin Baura ba. Rana ta riga ta yi, man moto kuma ya yi ƙasa. Muka ce sai wani zuwa. Wata tsohuwa ta ƙulla mana gujiya a tsumma, ta ce mu ci bisa hanya.

Da na koma aji, dattijon nan yana jirana. Na ba shi labari tun daga dallol har Tunguma. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce: "Malam, rubuta mini Lugu bisa allo." Na rubuta. Baƙi huɗu ne. Ya kwafe su cikin littafinsa.

Nan za mu tsaya yau, jama'a. In Allah ya kai mu, wani zuwan Bagaji za mu.